Awon Garin Waken Suya Ga Wanda Ya Bar Cin Nama

Ko da yake a ƙasarmu ta Hausa ba a saba jin mutum ya ce ya yi sallama da nama ba, domin shari'a ta halatta shi, al'ada kuma ta mai da shi alamar karamci, har baƙon da aka yanka wa kaza ya san an girmama shi, duk da haka wanda ya bi gidajen talakawa ya leƙa tukwane da idon basira zai tarar da mutane masu yawan gaske waɗanda sukan yi mako guda, wani lokaci har wata, tsoka ba ta ratsa haƙoransu ba. Waɗansu tsada ce ta raba su da shi, waɗansu likita ne ya hana su sabili da wata lalura, waɗansu kuwa, kamar jama'a da dama na ƙasar Indiya, aƙida ce ta sa suka bar shi tun kaka da kakanni. Dalilan sun sha bamban, amma bukatar jiki ɗaya ce, domin naman jikin ɗan Adam kullum yana cinyewa yana neman a sabunta shi, kuma abin da ake sabunta shi da shi, wanda masana ke kira furotin, tilas ne ya shiga ta baki kowace rana, ko daga dabba ya fito ko daga tsiro. A cikin tsirran da muke nomawa kuwa, babu wanda ya kai waken suya ɗauke da wannan abu.

Abin da ya ja hankalina ga wannan mas'ala shi ne lalurar gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda likita ya umarta da ta rage nama da kitse saboda hawan jini, ita kuwa, da yake mace ce mai tsantseni wadda ba ta san bin rabin umarni ba, sai ta bar naman ɗungurungum, ta koma ga koko da safe, tuwo da miyar kuka da dare. Ba a yi wata huɗu ba sai ga zobenta na azurfa yana zamewa daga yatsa, in ta idar da salla kuma sai ta dafa bango kafin ta miƙe. Da na ga haka hankalina ya tashi, na tafi kasuwa na auno tiya guda ta waken suya, na wuce da shi wurin inji aka niƙa mini shi ɗanye kamar yadda yake, na kawo gida na ce a riƙa zuba mata cikin ludayi a koko. Kwana biyu da farawa ta aika aka kira ni, ta ce, "Ɗan nan, Allah Ya yi maka albarka, na san alheri ka nufa, amma garin nan naka ƙarni gare shi, kuma tun jiya cikina ke ƙugi ya kumbura kamar ganga. Ka bar ni da kokona yadda na san shi." Na koma gida raina a ɓace, domin laifin nawa ne ta fuska biyu: na ba ta ɗanyen gari, na kuma ba ta shi ba bisa awo ba. Waɗannan abubuwa biyu su ne nake so in yi bayani a kansu, don kada wani ya wahalar da nasa tsohon kamar yadda na wahalar da tawa.

Asalin wannan wake daga ƙasar Sin ne, inda aka yi dubban shekaru ana nomansa, kuma can aka fara yin abin da mu yau muke kira awara. An kawo shi Nijeriya a 1908, ya fi karɓuwa da fari a hannun Tibi na ƙasar Binuwai, mutanen kudancin Kaduna suka mai da shi daddawa, daga baya cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta fitar da ire-irensa masu jure yanayinmu, har ya zama yau ana jibge buhunansa a kasuwar Dawanau ta Kano tare da gero da dawa. Idan aka ɗauki giram 100 na garinsa wanda ba a tatse mansa ba, za a sami furotin wajen giram 35 zuwa 38, da mai wajen giram 20, alhali waken da muka gada, na ƙosai da alala, furotin ɗinsa bai wuce giram 24 ko kusa da haka ba, gero da dawa kuwa suna tsayawa a wajen giram 10 ko 11, masara ma ba ta cika kaiwa nan ba.

Sai dai akwai wata hikima a cikin halittar abinci wadda ya kamata mai awo ya fahimta tun da wuri, ita ce furotin ba abu guda ba ne dunƙulalle, ginanne ne daga ƙananan sassa iri-iri, kamar yadda ake gina soro da tubali da azara da makuba, ta yadda in azara ta ƙare aiki ya tsaya ko da tubali ya yi tsibi a gindin bango. Daga cikin sassan nan akwai tara waɗanda jiki ba ya iya ƙera su da kansa. Hatsi irin gero da dawa da masara yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira laisin, waken suya kuwa yana da shi a wadace; shi kuma waken yana da ɗan ƙarancin wani da ake kira metiyonin, wanda hatsi ke da shi daidai gwargwado. Saboda haka idan aka haɗa su a tukunya ɗaya, ko aka ci su a yini ɗaya, kowanne sai ya toshe kafar ɗan'uwansa. Kakanninmu da suka riƙa cin dawa da wake, ko tuwo da miyar gyaɗa, sun riski wannan ƙa'ida da gwaji tun kafin a ba ta suna.

To, kafin a zo ga awo, wajibi ne garin ya zama ya dahu. A cikin ɗanyen waken suya akwai wani sinadari mai hana ciki narkar da furotin, wanda wuta kaɗai ke karya ƙarfinsa, akwai kuma wani wanda ke tayar da ƙarnin nan da Gwaggo ta yi kuka da shi, shi kuwa yana farkawa ne da zarar fasasshiyar ƙwaya ta gamu da ruwan sanyi. Hanyar da na fi amincewa da ita ke nan. A zuba waken a faifai a tsince tsakuwa da ruɓaɓɓun ƙwayoyi, a ɗora ruwa mai yawa a wuta har ya tafasa sosai, sa'an nan a riƙa zuba busasshen waken kaɗan-kaɗan don kada tafasar ta kwanta, a bar shi minti 20 zuwa 30. A sauke a tsane, a zuba masa ruwan sanyi, yanzu kam ba illa, a murza shi tsakanin tafin hannu biyu har ɓawon ya saki ya taso saman ruwa, a tsiyaye shi. Daga nan a baza shi a tabarma mai tsabta a rana, kwana biyu ko uku gwargwadon ƙarfin ranar, har sai an ciji ƙwaya an ji ta fashe ƙaras. Wanda ke son ƙamshi sai ya ɗan soya shi a kasko da wuta mai sanyi har ya yi launin ƙasa-ƙasa mai haske, amma kada ya bari ya ƙone, domin ƙuna tana lalata laisin ɗin nan da ake nema. Sa'an nan a kai inji, a roƙi mai injin ya fara wuce ɗan hatsi don ya share ragowar barkono ko abin da aka niƙa a baya, a dawo gida a baza garin ya huce kafin a tankaɗe da rariya mai laushi.

Yanzu mu zo ga awon kansa, wanda shi ne zuciyar maganar. Malaman fiƙihu tun da can sun rarrabe tsakanin abin da ake aunawa da mudu da abin da ake aunawa da mizani, kuma kowane almajiri ya san zakkar fid da kai sa'i guda ce, wato mudun Annabi huɗu, wanda awo ne na cika, ba na nauyi ba. Matanmu a madafa su ma da cika suke awo, da gwangwani da cokali da ludayi, alhali masana abinci da nauyi suke lissafi, da giram. Matsalar ita ce gari ba kamar ƙwayar hatsi ba ne, domin yakan kwanta ya danne in ya daɗe a mazubi, yakan tashi ya yi sako-sako in an tankaɗe shi yanzu, har gwangwani ɗaya ya ba da nauyi biyu mabambanta a rana ɗaya. Ga shi kuma mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, hannun wannan ma'auni kuma ba shi ne na wancan ba. Maganin wannan abu ne mai sauƙi, kuma sau ɗaya ake yinsa. Mutum ya zaɓi gwangwani guda ya keɓe shi ga wannan aiki, ya motsa garin da cokali don ya saki, ya riƙa ɗiba yana zubawa a gwangwanin ba tare da ya danna ko ya bubbuga ba, in ya cika ya shafe bakinsa da bayan wuƙa don kada ya yi tozo, sa'an nan ya juye garin a leda ya kai wurin wani mai shago ko mai sayar da magani da ke da ƙaramin sikeli, a gaya masa nauyinsa. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa, irin wanda kowane gida ke da shi, in an cika shi ta wannan hanya yakan ɗauki giram 55 zuwa 60 na garin waken suya, wato furotin kimanin giram 20. Babban cokalin cin abinci, shi ma a shafe, yakan ɗauki giram 5 ko 6, furotin kimanin giram 2, ta yadda cokali goma ko sha ɗaya suke cika gwangwanin. Cokalin da aka tula wa gari ya yi tozo kuwa yana iya ninka wannan, shi ya sa nake nanata shafewa.

Da an san abin da gwangwani ke ɗauka, sai a nemi sanin abin da jiki ke bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2007 tare da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙayyade wa baligi mai lafiya giram 0.83 na furotin a kowace rana bisa kowane kilo na nauyin jikinsa. Wanda nauyinsa kilo 50 ne yana bukatar kimanin giram 42, mai kilo 60 giram 50, mai kilo 70 giram 58. Kuskuren da mutane ke yi a nan, ni ma na yi shi da fari, shi ne zaton cewa dukan wannan adadi daga waken suya zai fito, alhali tuwon da mutum ke ci ya riga ya biya fiye da rabin bashin. Mu ɗauki magidanci mai kilo 60 wanda kokonsa na safe da abincinsa na rana da tuwonsa na dare suka ci giram 300 na garin gero ko dawa: wannan kaɗai ya ba shi furotin kimanin giram 30, saura 20, kuma 20 ɗin nan su ne ke cikin gwangwani guda. Ashe ke nan gwangwanin madara ɗaya a shafe, kowace rana, ya ishi matsakaicin baligi wanda ba ya cin nama, muddin yana ƙoshi da hatsi. Ranar da aka yi shinkafa da wake, ko ɗanwake, ko aka sha fura da nono, ko aka ci ƙwai biyu, ko ƙuli-ƙuli ya shiga kwaɗo, sai a rage zuwa rabin gwangwani, wani lokaci ma a bar shi gaba ɗaya. Ranar da abinci rogo ne ko garin kwaki ko doya, waɗanda furotin ɗinsu ƙalilan ne ƙwarai, sai a ƙara rabin gwangwani a kan gudan. Kuma tun da yake furotin na tsiro bai kai na dabba sauƙin narkewa ba, in lissafi ya faɗo tsakanin awo biyu, a ɗauki na sama.

Ban ga fa'idar a juye gwangwanin duka a kwano ɗaya ba, domin ciki ya fi karɓarsa in an rarraba. Cokali uku a koko ko kunu da safe, a dama shi tare da ƙullun kafin a zuba tafasasshen ruwa. Cokali uku ko huɗu a miyar rana, a kwaɓa shi da ɗan ruwa a zuba kamar yadda ake zuba agushi ko niƙaƙƙiyar gyaɗa, a bar shi ya tafasa minti goma. Sauran kuma a cikin tuwon dare. Uwargidan da ke girka wa mutum goma ba za ta tsaya ƙirga cokula ba, ita abin da ya fi mata sauƙi shi ne ta haɗa garin tun a mazubi: awo uku na garin dawa ko gero ko masara, awo ɗaya na garin waken suya, a cuɗa su sosai. Wannan haɗi yana ɗaga furotin ɗin tuwo daga wajen kashi 10 cikin ɗari zuwa wajen kashi 15, kuma tuwon yana tuƙuwa yadda aka saba, sai dai ya ɗan fi laushi. In aka wuce ɗaya bisa uku, tuwo yakan rasa danƙo ya ƙi mulmuluwa, masu gida kuma su gane an taɓa musu abinci. Garin alkama ya fi wannan tsanani, domin danƙon da ke sa burodi da alkubus da fanke su tashi babu shi a waken suya ko kaɗan, don haka a nan awo ɗaya cikin takwas ya isa, kuma a rage wuta, saboda kwaɓin da ke da waken suya yana saurin yin ja.

Wanda ya sayi gari a shago ya duba ko wanda aka tatse wa mai ne, domin shi furotin ɗinsa ya kai kusan rabin nauyinsa, ga shi kuma ya fi nauyi a gwangwani, sai a ɗibi kashi biyu cikin uku na awon da na ambata, a ƙara ɗan man gyaɗa a miya. Awara kuwa ruwa ne ya fi yawa a jikinta, furotin ɗinta bai kai rabin na gari ba in an auna nauyi da nauyi, kuma man suyar da take sha abin lura ne ga mai hawan jini.

Zan yi wa mai karatu rashin adalci in na bar shi da zaton waken suya ya maye gurbin nama ta kowace fuska. Akwai bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ba sa lafiya sai da shi, kuma babu shi a waken suya, babu a gero, babu a ganye. A nono da kindirmo da ƙwai da kifi ake samunsa, wanda kuwa ya bar waɗannan duka lalle ne ya nemi ƙwayarsa a wurin likita, domin rashinsa yana ɓoyuwa shekaru kafin ya bayyana da kasala da mutuwar yatsu. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini yana nan a waken, amma jiki ba ya ɗibarsa da sauƙi sai an haɗa da abu mai bitamin C, kamar a matsa lemun tsami a kan kwaɗon zogale, ko a ci tumatir ɗanye, ko gwaiba, ko a dama garin 'ya'yan kuka; shayi kuwa yana hana ɗibarsa, don haka a jinkirta shi sa'a guda bayan cin abinci. Ganye kore da karas da kabewa da manja su ma suna da nasu gurbi wanda gari ba ya cikewa, gishirin gida kuma ya kasance mai aidin.

Jariri kafin wata shida nonon uwa kaɗai ne abincinsa, kuma ruwan waken suya da aka tace a gida ba ya zama madadin nono ko kusa. Bayan wata shida ana iya fara sa masa ƙaramin cokali ɗaya a kununsa, a riƙa ƙarawa a hankali har ya kai babban cokali ɗaya ko biyu a yini, ana lura da fatarsa da bayan gidansa, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar waken suya, ya fito musu da ƙuraje ko kumburin leɓe, irin waɗannan kuwa a daina ba su nan take a kai su asibiti. Mai juna biyu da mai shayarwa bukatarsu ta fi ta sauran mata, a ƙara musu aƙalla rabin gwangwani. Mai ciwon ƙoda kada ya yi aiki da lissafina sam, likitansa ne zai yanka masa adadi. Haka nan mai shan maganin maƙoƙo ya sanar da likita, domin waken suya yana rage shigar maganin jiki in an sha su kusa da juna. Baligi mai lafiya ma kada ya fara da gwangwani cikakke, ya fara da cokali biyu a rana na tsawon mako guda, ya ƙara biyu a mako na biye, har ciki ya saba.

Saura ajiya. Tun da kashi ɗaya cikin biyar na garin nan mai ne, zafin bazara yana sa shi ya yi maƙaƙi da wari cikin ɗan lokaci, saboda haka a ajiye dafaffen waken a busasshe, a riƙa niƙa na mako biyu ko uku kaɗai, a zuba a mazubi mai murfi a ɗaki mai sanyi, kada a sa masa jiƙaƙƙen cokali.

Da na koma wurin Gwaggo da sabon gari, dafaffe soyayye, ban yi mata dogon bayani ba, na buɗe murfin na miƙa mata ta shaƙa. Ta ce, "Wannan kam ƙamshin gyaɗa yake yi, ɗan nan." Muka fara da cokali biyu a koko, jikarta mai girki ta riƙa shafe bakin cokalin da tsinken tsintsiya mai tsabta, muka sa a riƙa kawo mata kindirmo sau uku a mako, ganyen zogale kuma daga bishiyar bayan ɗakinta. A mako na biyar ta kai gwangwani guda a yini, gwangwanin kuma ta sa aka huda shi aka ɗaura masa zare, aka rataye shi a ƙusa kusa da maburgi don kada yara su ɗauka su auna wani abu da shi.